Ƙawanyar da Baba Tanko Ya Shimfiɗa a Zaurensa

Ran nan a wajen horar da sababbin malamai na ji ɗayanku yana cewa ajin tarihi na manya ai hutu ne. Tsofaffi ba sa tsallake taga, ba jarrabawa, ka kunna musu majigi su yi ta kallon tankokin yaƙi har lokaci ya cika. Kuka yi dariya, ni ma na murmusa, don ban girme ku da yawa ba balle in tsawata. Amma da aka raba kayan aiki na ga kowa ya ɗauki taswira da alli ya yi gaba, kun bar tsintsiya jingine da bango. Saboda tsintsiyar nan nake rubuta muku wannan.

Aikin farko da Malam Inuwa ya ba ni tankaɗen yashi ne. Shi tsohon soja ne da ya yi koyarwa a bariki, da ya yi ritaya ya buɗe ajin a wani tsohon siton auduga a Funtua, Asabar da Lahadi bayan la'asar. Na je masa da takardar shaidar digiri a jaka da shekarun yaƙe-yaƙe cike da kaina. Bai ko buɗe jakar ba. Ya miƙo mini rariya ya nuna buhun yashi.

"Tankaɗe shi, 'yata. In da tsakuwa a ciki, wani zai ce dutse ne, ya kafa masa sansani."

Na yi makonni ina tankaɗe kafin ya bar ni in buɗe baki a gaban aji. A lokacin na ga kayan aikin ɗaya bayan ɗaya. Ana shimfiɗa buhuna a ƙasa, a baza yashi, a lallashe shi da bayan faifai. Igiya da aka rina da shuni ita ce kogi. Dutse birni ne. Karan dawa layin dogo ne, ɓawon gyaɗa jirgin ruwa. Runduna kuwa hatsi ne: jar dawa, farin wake, gero, masara. Hasken yamma yana shigowa ta ramukan kwanon rufin ya sauka kan yashin ɗigo-ɗigo, ragowar auduga tana yawo a cikinsa, sai ka ga Turai tana kwance a gaban ƙafafun mutanen da ba su taɓa wuce Kaduna ba.

Na tambaye shi me ya hana mu allo. Ya ce rabin ajin idonsu ya yi rauni, wasu ba su yi boko ba, amma babu wanda bai san hatsi ba a cikinsu. Ka faɗa wa manomi adadin sojoji, zai gyaɗa kai don ladabi. Ka zuba masa tiya guda a nan, tafi guda a can, kafin ka yi magana ya riga ya san wa ke cikin wahala.

Abu na biyu da ya koya mini shi ne, kowa sai ya riƙe ɓangare. Ba a cewa "su" a ajinmu. Wanda aka ba wa jar dawa ya zama jar dawa, ya ce "mu ne nan, ga abin da za mu yi, ga abin da muke tsoro." Malam Inuwa ya ce wanda bai taɓa cewa "mu" a bakin sojan da yake jin yunwa ba, labari kawai ya ji, bai yi tarihi ba. Na riƙe wannan da hannu biyu, har yau ban sake shi ba.

Darasin da na fara bayarwa ni kaɗai na yaƙin ƙasar Bama ne, can ƙetaren teku, kuma saboda Hajiya Kande na yi shi. Ita mai sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ce a kasuwar Funtua. Kakanta yana cikin waɗanda aka kwasa zuwa Yaƙin Duniya na Biyu, ya dawo ba ya son jin ruwan sama a kan ganye, da an fara yayyafi sai ya shige ɗaki ya rufe. Ta girma ana cewa "Bama ce ta taɓa shi," ba wanda ya san ina ne Bamar. Na samo ganyen rama na cika yashin da shi har ba a ganin ƙasa, na ba ta masara ta ratsa da ita. Ƙwayoyin suka yi ta ɓacewa a ƙarƙashin ganye. Ta daɗe tana laluben su da yatsa, can ta ce, "Ashe ba ya ganin na gabansa." Ba ta ƙara ba, ni ma ban ƙara ba. Wannan ma koyo ne, sanin lokacin da malami zai yi shiru.

Akwai Saje Yohanna, wanda ya yi aikin kiyaye zaman lafiya a Laberiya, ya ce ya zo ne ya ji dalilin da ya sa aka tura shi, tun da a lokacin ba wanda ya gaya masa. Akwai kuma Baba Tanko, manomi daga wani ƙauye bayan Maska, mai rediyo rataye a kafaɗa. Yana hawa babur ɗin haya ya zo, ko da ruwa ko da rana. Shi ba ya karɓar hatsi sai ya tambaya.

"Malama, wa ya ci a ƙarshe?"

"Baba, ai in na faɗa darasin ya ƙare."

"To raɗa mini. Ni ba na noma gonar da ba ta yi."

Hajiya Kande ta ce, "Ku ji tsoho da wayo. Kullum shi ne mai nasara, a gida kuma akuya ta fi ƙarfinsa."

"Akuyar ta fi ki sanin dabarar yaƙi, Hajiya. Ta gefe take shigowa."

Baba Tanko bai iya rubutu ba, don haka ya ƙirƙiro nasa littafin. Duk darasin da muka yi, in ya koma gida sai ya sake shimfiɗa shi a ƙasan zaurensa, da igiyarsa da duwatsunsa, ya bar shi har mako ya zagayo. Yana fita gona ya dube shi, yana dawowa ya gyara ƙwaya ɗaya. Maƙwabta su leƙo ya ba su labari. Na sha yabonsa a gaban aji a kan wannan.

Sai shekarar nan mai wuya ta zo. Malam Inuwa ya rasu da bazara, ajin ya dawo hannuna. Da damina 'yan bindiga suka matso ƙauyukan da ke bayan Maska. Ana ɗaukar mutane a gona da rana tsaka. Ajin da yake cika sito ya koma tabarma biyu. Kalmar da ta fi bindiga yawo a bakin mutane a lokacin ita ce infoma, wato wanda yake zaune cikin gari yana ba mutanen daji labarin wa ya sayar da shanu, ta ina masu tsaro suke kwana. Wanda aka liƙa wa sunan nan sau da yawa ba ya kaiwa gaban alƙali.

Da kaka, wata Lahadi, muka yi Stalingrad. Tsofaffin ba sa wahalar da harshensu, Birnin Kogi suke ce masa. Na miƙe igiya daga gabas, na jingina dutse da ita. Na cika dutsen da kewayensa da farin wake, su ne Jamusawa da suka kutsa cikin birnin. Na yayyafa gero siriri a hagu da dama, su ne ƙawayensu masu tsaron gefe, waɗanda makamansu ba su kai ba. Baba Tanko ya leƙa fuskata, ya miƙa hannu ya ɗebi jar dawa, mutanen Rasha. Ya fasa geron ta dama, Saje ya taya shi ta hagu, hannuwansu suka haɗu a bayan waken. Ƙawanya ta rufe. Na ba su labarin sanyi, da yadda na ciki suka cinye dawakansu, da yadda suka miƙa wuya. Baba Tanko ya tafi gida yana ta washe baki.

Ranar Talata da hantsi wayata ta yi ƙara. Muryar mace ce, tana magana numfashi na sarƙe ta.

"Malama, Rabi ce, 'yar Malam Tanko. Sun ɗaure Baba a ƙofar dagaci. Sun ce infoma ne. Sun ce ya zana garinmu a ƙasa. Don Allah ki zo, sun ƙone rumbu, sun ce kafin azahar..."

Ba ta ƙarasa ba, kuma ban buƙaci ta ƙarasa ba. Na ɗauki jakar hatsi da igiya da babban littafina mai hotuna. Na kira Saje Yohanna, ya ce in same shi a tasha. Na bi ta kasuwa don in gaya wa Hajiya Kande ta yi addu'a, sai kawai ta rufe kwanon ƙuli da faifai ta yafa mayafi.

"Hajiya, hanyar ba kyau."

"Wa zai saci tsohuwa mai warin man gyaɗa? Mu je."

A kan babur, daga Maska zuwa ƙauyen, gonaki ne a dama da hagu, dawa ta nuna ta sunkuyar da kai, ba mai girbi. Tun daga nesa muka hango hayaƙi.

Abin da ya faru, kamar yadda Rabi ta gaya mana a bakin gari, shi ne wannan. Da safe 'yan sa-kai suna dawowa daga sintiri, shugabansu, wani matashi mai suna Sale, ya leƙa zauren don su gaisa. Ya ga igiya daga gabas, rafin garin kuwa daga gabas yake. Ya ga dutse, ya ga jar dawa ta zagaye shi. Ya ce, "Baba, mene ne wannan?" Baba Tanko ya ji daɗi an tambaye shi. Ya gyara zama ya yi yadda na koya masa.

"Mu ne nan, jajayen. Ba ta gaba za mu shiga ba. Ta gefe, inda masu tsaron ba su da makamin kirki. Mu haɗu ta baya mu toshe hanya, ko ƙwayar hatsi ba ta shiga. Sai mu zauna, yunwa ta ƙarasa mana aikin."

Ya faɗi haka ga mutanen da suka kwana a gefen gari da bindigar toka, waɗanda aka ɗauke ƙanen Audu, ɗaya daga cikinsu, a gona satin da ya wuce.

Ƙofar dagaci ta cika maƙil. Baba Tanko yana zaune a ƙasa, hannuwansa ɗaure ta baya da ragowar igiyar shuninsa, wadda ya yanki kogi a jikinta. Hularsa ba ta nan. Gefen fuskarsa ya kumbura har ido ya rufe. Rediyonsa na gefe a farfashe. Mutanen da suka kewaye shi maƙwabtansa ne, waɗanda suka sha zama a zauren nan suna jin labarin Bama da na Masar. Na duba fuskokinsu ina neman wanda zai ce ya sani. Kowa ya kawar da kai.

Na durƙusa na gai da dagaci. Dattijo ne, da gani so yake a samu mafita, amma taron ya fi ƙarfin muryarsa.

"Ranka ya daɗe, ɗalibina ne. Abin da ke zaurensa darasi ne. Yaƙi ne da aka yi a ƙasar Rasha tun kafin a haifi iyayenmu."

Na buɗe littafin ina nuna hotuna. Sale ya karɓa ya jujjuya. Idanunsa jajaye ne na rashin barci.

"Wannan dusar ƙanƙara ce da Turawa. A zaurensa ban ga Bature ba. Na ga rafinmu, na ga garinmu. Da bakinsa ya ce mu ne." Ya rufe littafin. "Kin ce ke kika koya masa?"

"Ni ce."

"To ke ma zauna nan."

Wani daga baya ya ce, "Daga Funtua ake aiko musu da tsarin!" Taron ya motsa gaba ɗaya, kamar dawa in iska ta bi ta kanta. Na zauna a ƙasa kusa da Baba Tanko. Ya juyo da idonsa mai gani ya ce a hankali, "Malama, na ce musu Birnin Kogi ne. Suka ce ai nan ma da kogi."

Saje Yohanna ne ya tako tsakiya. Ya cire hularsa ya gai da dagaci, sannan ya juya wajen Sale ya yi masa magana yadda soja yake yi wa soja.

"Ɗana, ka yi aikinka, ka ga abu ka yi tambaya. Saura bincike. Hajiyar nan da ni ba mu taɓa taka garin nan ba sai yau, ba mu shiga zauren ba. Ka sa a kai ta bayan wancan bango, ni a kai ni bayan masallaci. A ba mu hatsi. In abin da muka shimfiɗa ya bambanta da nasa, ka haɗa ni da su."

Dagaci ya yi maza ya ce a yi hakan, kafin wani ya sake magana. Aka raba hatsin jakata biyu. Igiya ɗaya ce gare ni, aka ba Saje. Hajiya Kande ta ce ba ta buƙata, ta kwance ɗankwalin da ke ƙarƙashin mayafinta.

Ban ga yadda suka yi ba, ina zaune inda aka ajiye ni. Muryar Hajiya kawai nake ji daga bayan bango tana faɗa da matashin da aka sa ya tsare ta.

"Kai, ɗaga ƙafarka, ka taka mini Jamusawa. Miƙo geron nan. A'a, kaɗan, su ai ba su da ƙarfi, shi ya sa aka ci su. Uwarka ba ta koya maka yayyafi ba?"

Wani ya yi dariya, ya haɗiye ta da sauri.

Da suka gama, dagaci ya tashi da kansa, Sale na biye da shi, taron na biye da Sale. Suka je bayan bango. Suka je bayan masallaci. Suka wuce zauren Baba Tanko. Sun daɗe. Suka dawo, abu ɗaya suka gani a ko'ina. Kogi daga gabas, dutse jingine da shi, farin wake a ciki, gero siriri a gefe biyu a fashe, jar dawa ta rufe ta baya. Sau uku, hannu uku.

Sale bai sauko nan take ba. Ya ce, "To in duk ku ukun..."

Hajiya Kande ta miƙa masa hannuwanta biyu a haɗe. "Ɗaure ni, ɗan nan. Ni ce babbar kwamanda. Da ƙuli-ƙuli nake biyan su."

Wannan karon dariyar ta fito, ba mai yawa ba, amma ta isa. Dagaci ya ce, "Ku kwance shi." Sale ne ya durƙusa ya kwance igiyar da kansa. Ya daɗe a kan ƙullin, don da ƙarfi aka ɗaure. Bai ɗago ya dubi Baba Tanko ba. Ya ce, "Baba, ƙanen Audu har yanzu yana daji." Baba Tanko ya ce, "Na sani, Sale. Ni na yi masa huɗuba ranar da aka haife shi."

Muka raka shi gida. Rumbun ya zama baƙin da'ira a ƙasa, dawar bara tana ta hayaƙi, ƙamshinta kamar ana gasa ta don baƙi. Ya tsaya a bakin zaure ya dubi taswirarsa. Ya ce wa Rabi ta kawo tsintsiya. Hannunsa bai iya riƙewa ba, ni na share. Kaji suka zo suka cinye Rasha da Jamus.

Tun daga ranar tsintsiya ta shiga kayan aiki. Ba a tashi daga ajina sai an share yashi an raba hatsi kowanne cikin ƙwaryarsa. Wanda zai sake shimfiɗawa a gida, na ce ya yi, amma ya share kafin ya miƙe, kuma ya fara da sunan ƙasar da shekarun da suka shuɗe kafin ya ce "mu". Kafin in buɗe sabon aji a kowane gari, dagaci da shugaban masu tsaro nake fara gayyata, in zuba musu hatsi a hannu su yi darasi ɗaya. Wasu malamai sun ce in daina hatsin gaba ɗaya in koma majigi. Na gwada. Tsofaffin suka yi ta gyangyaɗi, Hajiya Kande ta ce in ba za a ba ta rundunarta ba gara ta koma kasuwa.

Baba Tanko bai zo ba har aka gama girbi. Na ɗauka shi ke nan. Wata Asabar ina lallashe yashi da faifai sai na ji tsayuwar babur. Ya shigo ba rediyo a kafaɗa, yatsunsa biyu na dama sun ƙage ba sa lanƙwasuwa. Hajiya Kande ta buɗe baki za ta tsokane shi, ta fasa, ta matsa masa wuri a tabarma.

Ranar kewaye wani tsohon birni za mu yi, mai ganuwa. Na jera duwatsu, na zuba farin wake a ciki, na tura masa ƙwaryar jar dawa ba tare da ya tambaya ba.

"Baba, riƙe. Yau ba sai na raɗa maka ba, su suka ci."

Ya dubi ƙwaryar, ya tura ta gaban Saje. Ya miƙa hannun nan mai ƙagaggun yatsu ya tattaro waken zuwa gabansa.

"Ba ni na cikin, Malama. Waɗannan na san abin da za su ce."

Ya gyara zama, ya faɗi sunan ƙasar, ya faɗi cewa an daɗe da yi, yadda na roƙa. Sannan ya ɗora tafinsa a kan waken ya ce, "Mu ne nan. Waɗanda suka zagaye mu, mun san su."

Gobe in kun zo karɓar kaya, tsintsiyar tana nan jingine inda kuka bar ta. Kowa ya ɗauki tasa.